Tsuntsaye Biyu a Bakin Reza

Idan mutum ya ba ka kyauta da zuciya ɗaya, daga baya ya dawo ya ce rayuwarsa tana cikin kyautar nan, ta wa ce? Ta wanda aka ba, ko ta wanda ya bayar? Masu karatu sun faɗi tasu, tsofaffi sun faɗi tasu, kowa kuwa amsarsa takan yi kama da abin da ya taɓa rasawa. Har yau ba a tsayar da magana ɗaya ba. Mai Fenti ma bai tsayar ba, ga shi kuwa a kansa tambayar ta faɗo.

Kyautar tana rataye a bangon shagonsa, sama da kantar gwangwanayen fenti, cikin gilashi. Zane ne a farar takarda mai kauri. Rassan gwaiba sun cika ta da ganye, a tsakiya kuma tsuntsaye biyu suna kan reshe ɗaya, ɗaya ya juya kai yana gyara wa ɗayan gashin wuya. Auta ce ta zana masa, a shekarar da ya koya mata haɗa kala.

Mahaifinta ne mai kantin kayan gini da ke tsallaken titi, daidai saitin ƙofar Mai Fenti. A can yake sayen fenti, ita kuma take tsallako masa da shi. Tun tana ajiyewa ta juya, har ta fara tsayawa kallon yadda yake rubuta allon shaguna, har wata rana ta ce masa jan da ya sa wa allon mai aski ya cika ihu. Ya miƙa mata burushi don ya kunyata ta. Ta ɗiga shuɗi kaɗan a ciki, jan ya kwanta. Tun daga ranar bai sake samun kansa ba.

Da ya aika a nema masa izinin neman aurenta, Baba Mai Kanti bai ɓata wa kowa lokaci ba.

"Mutumin da ke kwana kan tsani yana rubuta sunan arzikin wasu? Ku ce masa ya fara rubuta nasa."

Haka maganar ta tsaya, ba ta mutu ba, ba ta yi rai ba. Suna ganin juna ta tsallaken titi, motoci na giftawa tsakaninsu.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da ƙafarsa ya kai ta inda aka gan ta. Shi aka ba aikin rubuta allon wata cibiya da ke ba masu neman aiki shawara. Ya ji za a yi zama na musamman da masu zane da masu ɗinki da masu ɗaukar hoto, sai ya lallaɓa ta suka je. Wanda ya yi musu magana saurayi ne mai farin tabarau da tattausar murya, kowa yana kiransa Ofisa.

"Kada ku fara da tambayar wace sana'a ce ke ci," in ji Ofisa. "Ku fara da wane aiki ne idan kun kama shi yunwa take mantawa da ku. In kun same shi, sai tambaya ta biyu, wadda masu basira ke gudu: wa ke buƙatarsa? Basirar da ba ta fita ƙofa ba, ado ce kawai."

Mai Fenti har tafi ya yi. Da aka tashi, shi ya tura Auta gaba ya ce ta nuna zanenta. Ya ga lokacin da Ofisa ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dubi takardun, sannan ya dubi mai takardun. Kallon na biyu ya fi na farko daɗewa.

Yanzu farar motar Ofisa ta san hanyar kantin Baba. Takan tsaya da yamma, a fito masa da kujera mai hannu, wadda ba a taɓa fito wa kowa da ita ba.

*

Ranar da Auta ta zo, yana tsugune yana wanke burushi da kananzir. Bai ɗago ba, ya dai gane takunta.

"Malam, sannu da aiki."

Malam take kiransa tun zamanin koyon haɗa kala, wani lokaci da tsokana, wani lokaci da gaske. Yau da gaske ne.

"Yauwa. An sallami mai mota ne aka tuna da masu tafiya a ƙasa?"

"Ba faɗa na zo yi ba." Ta jawo benci ta zauna, ta tattare gefen mayafinta kada ya taɓa ɗanyen allo. "Masaƙa za ta ɗauki mutum ɗaya a sashen zanen yadi. Ofisa ya kai sunana. Sun ce kowa ya kawo zane ɗaya na hannunsa, ba hoto ba, ba kwafi ba. Hannu suke son gani."

"Allah ya ba da sa'a. Ai kina da su cike da akwati."

"Ina da su. Ba ni da kamar wancan."

Sai a lokacin ya ɗago. Idonta na kan bango.

"Ara kike so in yi miki?"

Ta murza zoben da ke ɗan yatsanta. "Ba ara ba ne, Malam. Ba zai dawo yadda yake ba. Ka san injin yadi ganga ce ke juyawa, tana buga zane ɗaya tana maimaitawa. Dole bakin dama ya haɗu da na hagu, na sama ya haɗu da na ƙasa, kada a ga inda aka yi gaɓa. Yadda ake yi, sai a tsaga takardar gida huɗu, a sauya musu wuri, tsakiya ta koma gefe, gefe ya dawo tsakiya. A manne ta baya, sannan in cike farin da ya rage."

"A tsaga."

"Eh."

"Ta tsakiya."

"Eh."

Ya dubi tsuntsayen. A tsakiya suke, daidai inda reza za ta bi, ta sake bi.

"Shi ya ce ki zo ki karɓa?"

"Bai taɓa ganinsa ba."

"Amma kin ba shi labari."

"Ya tambaye ni wanne ne na fi so a duk abin da na zana, na faɗa masa gaskiya."

"A mota ya tambaye ki, ko a kan kujera mai hannu?"

"Malam."

"A'a, ina so in sani ne. Ni da na koya miki riƙe burushi ban taɓa tambayarki wanne kika fi so ba, don na ɗauka na sani. Ashe sai mai tabarau ya zo za a buɗe baki." Ya miƙe, kananzir na ɗiga daga yatsunsa. "Kin tuna abin da kika ce ranar da kika kawo shi? Kika ce, wannan naka ne kai kaɗai, ko Inna ban nuna wa ba. Yanzu a yanka shi, a buga a yadi, kowace mace a garin nan ta ɗaura abin da aka yi domina ta tafi kasuwa da shi. A zauna a kansa. A goge wa yaro hanci da shi."

"To ai aikin ke nan da nake so." Ta nuna titi da hannu. "In ga abin da na zana yana tafiya a titi. Kai ba ka jin daɗi in ka wuce allon da ka rubuta? Ni na gaji da zana abu in kulle a akwati. Tun safe ina bayan kanta ina auna ƙusa, sai in ji kamar hannuna yana tsufa ya bar ni."

"Ki sake zana wani."

"Na gwada. Wallahi na gwada har takarda ta ƙare. Suna fitowa kamar tsuntsayen roba. Wancan lokacin da na yi shi ban san ina yin wani abu ba, kai kawai nake tunani." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Yanzu in na zauna, masaƙa nake tunani, da Baba, da fuskar nan taka."

Da ya tsaya a nan, da ya ji abin da ta faɗa. Amma kishi kunne ɗaya gare shi, kuma ba na jin alheri ba ne.

"Da safe wa zai riƙa kai ki masaƙar? Ai hanyar ofishinsu ce."

"Akwai bas."

"Akwai bas," ya maimaita, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba. "Auta, ki ji da kyau. Kyauta ce kika ba ni. Ba zan sauke shi ba, ba zan sa masa reza ba, ba zan ba wani ya sa ba. In masaƙa na son tsuntsu, Ofisa ya kamo musu."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tashi, ta mayar da bencin inda ta ɗauko shi, ta fita. Ya bi ta da ido har ta tsallaka, wata babbar mota ta shiga tsakani, da ta wuce babu kowa a bakin kanti.

Bangon da ya raba shagonsa da na yayarsa falanki ne. Keken ɗinkinta, wanda ya yi shiru tun shigowar Auta, ya ci gaba da ƙara. Can ya sake tsayawa.

"Ƙanena."

"Yaya, don Allah."

"Ban ce komai ba. Tambaya ce. An ce kishi kumallon mata, to kai wa ya ɗura maka? Tun ɗazu nake jin kana kelaya amai, na ce ko in kawo maka ruwa."

"Ba ki san kan maganar ba."

"Ni kuwa na sani, falankin nan ba ya ɓoye ko tari. Yarinya ta ce maka kai take tunani ta yi abin da ya fi komai kyau a hannunta, kai kuma ka ce mata bas." Keken ya yi ƙara kaɗan ya tsaya. "Allah ya jiƙan Inna, ta haifi mai basira, ta manta ba ta haɗa masa da hankali ba."

*

Bayan kwana biyu abin da bai taɓa faruwa ba ya faru. Baba Mai Kanti ya tsallako titi da kansa.

Mai Fenti ya diro daga kan tsani har yana zubar da gwangwani, ya goge benci da hannun rigarsa, ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijon bai zauna ba. Ya zagaya shagon da ido, ya tsaya a kan zanen.

"Wannan ce takardar da ake ta kuka a kanta a gidana?"

"Ita ce, Baba."

"Hm. Tsuntsu." Ya gyara tsayuwa. "Na ji ka hana. Tun da na san ka, yau ne ka yi abin da ya shiga hankalina."

Mai Fenti ya sunkuyar da kai, bai san inda zai ajiye wannan yabon ba.

"Yaron nan Ofisa ba shi da laifi, ɗan mutunci ne, amma karatu ya yi masa yawa. Yana cika wa yara kai da cewa kowa ya bi abin da ransa ke so. Da na bi abin da raina ke so, da yanzu ina bakin kogi da ƙugiya, iyalina kuma suna cin iska. Kantin nan na gina shi da gumina, 'yan'uwanta maza duk sun watse, ita kaɗai ce ta san kan kaya. In ta tafi zanen tsuntsu wa zan bar wa?" Ya yi gyaran murya. "Ni ba na son doguwar magana. Ranar Litinin suke rufe karɓa. Ka riƙe takardarka har Litinin ta wuce. In ta wuce, ka turo manyanka, zan saurare su."

Sai da Mai Fenti ya dafa ƙasa.

"Baba, kana nufin..."

"Na ce zan saurare su. Mijin da zai bar min ita a tsallaken titi ya fi min mai mota da zai kai ta inda sai na yi waya."

Ya juya ya fita, yana ɗaga wa masu babur hannu su tsaya ya wuce.

Abin da ya shekara yana roƙo ke nan, aka kawo masa har shago, ba a kuma ce ya yi komai ba. Cewa aka yi kada ya yi. Ya zauna ya bar ƙusa ta ci gaba da riƙe abin da take riƙe da shi. Wane laifi ne a cikin barin abu inda yake? Bai sata ba, bai ƙwata ba, bai yi ƙarya ba. Ya juya maganar ta kowane gefe, kowane gefe ya fito da tsabta. Amma ya rasa dalilin da ya sa, da ya koma kan tsani, harafin da ya ja ya karkace, shi da ake cewa hannunsa ya fi rula.

Ta bayan falanki ba a ce komai ba. Shirun Yaya ya fi maganarta ciwo.

*

Ranar Asabar da hantsi farar mota ta tsaya, ba a ƙofar kanti ba, a ƙofarsa.

Ofisa ya yi sallama ya shigo, yana ɗage ƙafar wando saboda ɗigon fenti. Ya miƙa hannu. Mai Fenti ya nuna masa tafinsa mai shuɗi, alamar ba hali. Ofisa ya kama hannun duk da haka.

"Allonmu har yanzu mutane na tambayar wa ya rubuta," in ji shi.

"Allo ka zo a rubuta maka?"

"A'a. Na zo in ga abokin gabana."

Mai Fenti ya ɗaure fuska, sai ya lura ba shi ake kallo ba. Ofisa ya wuce shi ya tsaya gaban bango. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"To," ya ce a hankali. "Yanzu na gane."

"Ka gane me?"

"Bari in faɗa maka ba tare da kwana ba, don na ga kai ma ba ka iya kwana ba. Ina son ta. Na gaya wa mahaifinta, na gaya mata. Na kai ta wurin masu masaƙa, na nuna mata yadda ake shirya aiki, na karanta mata duk abin da na sani. Duk lokacin da na yaba wani zanenta, sai ta ce, ai ba ka ga na wurin Malam ba. Na ji sunan nan har ya fara hana ni cin abinci." Ya yi murmushin da bai yi masa daɗi ba. "Ni ko da'ira ban iya zanawa ba. Aikina in san ƙofofi, in nuna wa mutane. Kana tsammani akwai daɗi ka buɗe wa mace ƙofa, ka tarar makullin ƙarshe yana rataye a bangon wani?"

Mai Fenti bai taɓa kawowa a ransa cewa mai mota ma yana kwana da irin ciwonsa ba. Abin ya so ya yi masa daɗi, sai kuma ya ƙi.

"In ta samu aikin, kai ka ci riba," ya ce. "Kullum tana hanyarka."

"Wataƙila. Ba zan yi maka ƙarya in ce ban yi wannan lissafin ba. Kai ma ka yi naka, na ji abin da Baba ya ce maka." Ya juyo suka fuskanci juna. "Amma na daɗe a aikin nan, na ga abin da ke samun mai basira in aka rufe masa ƙofa da sunan ƙauna. Ba ya mutuwa. Yana nan yana gaisawa da mutane, yana cin abinci. Sai dai in ka dube shi, ka ga kamar gidan da aka kwashe kaya."

"Ka gama wa'azin?"

"Saura ɗaya, kyauta ne, ba mu karɓar komai a cibiya. Kai ma allo ya yi maka kaɗan. Ranar da ka shirya, ka zo mu zauna."

"In zo ka nuna min ƙofa, kai kuma ka bi ta taga."

Ofisa ya yi dariya ta gaske, har ya dafa kanta, hannun rigarsa ya kwashi jan fenti. Ya dubi tabon, ya girgiza kai, ya fita.

Mai Fenti ya so a ce mutumin banza ne. Da ya fi sauƙi.

*

Litinin ta zo da rana mai zafi. Tun safe bai buɗe gwangwani ko ɗaya ba. Yana zaune yana kallon inuwar ƙofa tana janyewa, yana gaya wa kansa cewa in ta kai bakin dakali ta juya, shi ke nan, an gama, ba da hannunsa ba.

Wajen azahar ta shigo. Ba ta jawo benci ba. Idanunta sun kumbura, amma a bushe suke. Ta ajiye wani ƙunshi a kan tebur ta kwance. Burusai ne, manya da ƙanana, duk waɗanda ya taɓa ba ta, an wanke su tas an ɗaure da zare.

"Mene ne wannan?"

"Kayanka ne, Malam. Kada su bushe a wurina."

"Auta, ban ce ki daina zane ba."

"Ba ka ce ba." Ta gyara bakin ƙunshin da yatsa. "Baba ya gaya min za ka turo manya. Inna har ta fara murna. Na zo in gaya maka da bakina, kada ka ji a wani wuri: in an tambaye ni, zan ce ina so. Ban taɓa son wani ba, ko mai mota ko mai jirgi. Ofisa ya sani, na gaya masa tun ranar da ya fara."

Maganar da ya yi ta mafarkin ji ke nan.

"To me ya kawo mayar da burushi?"

"Don ba zan iya haɗa biyun ba." Ta dubi ƙunshin burusan. "Zan zauna a kanti da rana, in dawo gidanka da yamma, in dafa, in share, in yi maka dariya in ka yi abin dariya. Ba zan taɓa yi maka gori ba, na yi alkawari. Amma kada ka ce in zana maka komai. In na ɗauki fensir zan tuna, in na tuna zan dube ka, ba na kuma so in riƙa dubanka da wannan idon. Gara in manta na iya."

"Saboda takarda ɗaya?"

"Ba takarda ba ce. Na roƙe ka abu ɗaya da kai kaɗai ke da shi a duniya, ka duba, ka ga in ka hana ni za ka same ni, sai ka hana." Ta share fuska da bayan hannu. "Ka same ni, Malam. Ga ni."

Ta juya za ta fita.

Ya dubi burusan a jere kamar an yi musu wanka za a kai su makwanci. Ya dubi bango. Shekara da shekaru yana kallon zanen nan yana ganin kansa a ciki, shi ne tsuntsun da ake gyara wa gashin wuya. Yau ya rasa kansa a ciki. Hannunta kawai ya gani, yadda ta bi kowane ganye da haƙuri, yadda ta bar wani wuri fari don ido ya huta. Wannan hannun ne za a kai masa gida, a naɗe, ya riƙa auna ƙusa har ya tsufa.

"Ƙarfe nawa suke rufewa?"

Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta juyo ba. "Sai la'asar."

"Cike farin zai ɗauke ki yaya?"

"Ganye ne kawai da rassa. In hannuna bai yi rawa ba..." Ta juyo a hankali. "Malam, ka san abin da Baba zai yi."

"Na sani."

"Ba zai sake sauraron kowa naka ba. Kujerar nan kuma ba za a daina fito da ita ba."

"Na ce na sani. Kada ki sa in sake tunani, don wallahi in na sake ba zan yi ba."

Ya jawo tsani ya hau. Ƙusar ta yi tsatsa, sai da ya girgiza firam ɗin kafin ya fito, ya bar murabba'i mai haske a bangon da hayaƙin titi ya dafe. Ya kwantar da shi a kan tebur, ya tanƙware ƙananan ƙusoshin baya, ya zare takardar. Ta fi yadda yake tsammani laushi.

Keken ɗinki ya yi shiru. Sai ga hannun Yaya ta saman falanki, riƙe da salatif da sabuwar reza a takardarta.

"Tun Asabar na saya," in ji ta. "Na ce ko Allah zai sa hankalin ya iso, ko da a makare."

Ba wanda ya yi dariya, amma Auta ta karɓa. Ta ɗauko doguwar rular ƙarfe ta auna tsakiya, ta sa ɗigo sama da ƙasa. Layin ya bi daidai tsakanin bakin tsuntsu ɗaya da wuyan ɗayan. Ta ɓare rezar, ta kai hannu, sai ta janye.

"Ba zan iya ba."

"Kawo. In layin ya karkace ba za su haɗu a yadin ba."

"Za su haɗu," ta ce cikin kuka. "Duk inda gangar ta juyo za su sake haɗuwa."

"A jikin matan mutane."

"A jikin matan mutane."

Ya karɓi rezar. Ya danne rula da hannun hagu, ita kuma ta dafe gefen takardar da tafukanta biyu, kansu ya kusa haɗuwa. A lokacin ne hasken ƙofa ya ragu. Mai Fenti ya ɗaga ido. Baba Mai Kanti ne tsaye a bakin dakali, hannuwansa a baya, yana duban tebur, yana duban wurin da babu komai a bango. A bayansa, can tsallaken titi, farar mota tana neman wurin tsayawa.

"Yaro," in ji dattijon, murya ƙasa ƙasa. "Litinin ba ta wuce ba."

"Ba ta wuce ba, Baba."

Ya sunkuyar da kai, ya ɗora bakin rezar a kan ɗigon sama, ya ja ta har ƙasa.